Tsini Biyu a Jinin Dattijo Ɗaya

Bayan la'asar samfurin ya iso, a cikin 'yar kula wadda ƙanƙararta ta daɗe da narkewa. Direban motar haya ne ya miƙo ta a bakin ƙofa, ya ce daga wani asibitin ƙaramar hukuma aka ba shi, can arewacin jihar Gombe. A ciki akwai 'yar kwalbar roba da ruwan jini rawaya wanda aka riga aka tace, sai takarda da rubutun likita: namiji, shekara 63, ciwon baya wata bakwai, ƙarancin jini, a rarrabe furotin ɗin jininsa.

Ni ma'aikaci ne a ɓangaren sinadaran jini na wani ɗakin gwaje-gwaje a cikin garin Gombe, kuma ni ke kula da na'urar da ke rarrabe furotin da lantarki a cikin siririn bututu, wadda a wurin aiki muke ce wa kafilari kawai. An sayo ta ne don gwajin jinotayif, saboda masu shirin aure da yaran da ake zargin suna da sikila. Irin gwajin da likitan nan ya nema kuwa, sai a yi mako biyu ba wanda ya aiko da ko ɗaya. Na rubuta wannan lamari da izinin iyalan mara lafiyar, na cire suna da gari, domin a cikinsa ne na ga amfanin gwajin kamu, wato gane furotin ta hanyar abin da ke kama shi, da idona, a cikinsa kuma na kusa aika wa likita da sakamakon da ba daidai ba.

Wata bakwai kafin jinin ya zo mana

Daga baya ne na ji tarihin, daga bakin likitan da kuma ɗan ƙanen dattijon, wanda shi ya yi ta ɗawainiya da shi. Manomi ne, mai noman wake da masara, kuma har zuwa kakar da ta gabata shi ke ɗora buhu a kan amalanke da kansa. Bayan an gama girbi ciwon ya fara, a tsakiyar gadon baya. Kowa ya ce gajiya ce. Mai kemis ya ba shi diklofenak, ya ji sauƙi, ya mayar da shi abin sha safe da yamma. Wanzami ya yi masa ƙaho sau biyu. Da zazzaɓi ya shigo aka yi maganin maleriya, aka bi da na taifot.

A wata na huɗu ya kasa miƙewa daga ruku'u, aka kai shi asibiti. Hoton ƙashi ya nuna ɗaya daga cikin ƙasusuwan baya ya lotse. Gwajin ESR, wanda ke auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini, ya haura 100. Ya rame, jininsa ya yi ƙasa. Aka ce tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, aka sa shi a kan magani.

Ban ga laifin wanda ya yi wannan zato ba. A ƙasarmu, dattijo mai rama da lotsattsen ƙashin baya da ESR mai hawa, tibi, wato tarin fuka, shi ne abin da ya kamata ya fara zuwa a rai. Abin da ya tsaya mini shi ne wasu lambobi biyu da suka kwana a cikin fayil ɗinsa tun ranar. An yi masa gwajin hanta kafin a fara maganin, kamar yadda aka saba, kuma a takardar akwai jimillar furotin gram 98 a lita, albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a jinin mai lafiya, gram 31. Idan aka cire na biyu daga na farko, saura 67. A jinin mai lafiya wannan rata ba ta cika wuce 35 ba, kuma da ta haura 40 ya kamata a tambayi dalili. Ido ya tafi kan sinadaran hanta, aka ga lafiya lau suke, aka rufe fayil.

Wata uku yana shan maganin tibi, ciwon sai gaba yake yi. Wani sabon likita mai hidimar ƙasa ne ya sake duba hoton, ya lura cewa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bai lalace ba, alhali tibin ƙashin baya ya fi cin faifan tare da ƙasusuwa biyu da ke maƙwabtaka da shi. Ya sake gwajin furotin: jimilla 108, albumin 28. Rata ta zama 80. Nan ya rubuto mana.

Abin da ke faruwa a cikin bututun

Raba furotin da lantarki tsohuwar dabara ce. Arne Tiselius na ƙasar Suwidin ya gyara ta a 1937, ya sami kyautar Nobel a 1948. Da ita Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin mai sikila, wato furotin ɗin cikin jajayen ƙwayoyin jininsa, yana tafiya daban da na sauran mutane, abin da har yau muke dogara da shi a gwajin jinotayif. Matsalarta ita ce zafi. In ka ƙara ƙarfin wuta don aiki ya yi sauri, ruwan ya ɗumama, abubuwan da ka raba su sake cakuɗewa. A 1981 James Jorgenson da Krynn Lukacs a Amurka suka nuna cewa in aka yi aikin a cikin bututun gilashi mai faɗin maikromita 75, zafin yana fita ta bango nan take, har a iya sa wutar da ta kai bolt 30,000. Bututun na'urorin asibiti ma ya fi wannan siranta, ramin cikinsa bai kai kaurin silin gashi ba, kuma ɗigon da yake zuƙa ido ba ya ganinsa.

Ana cika bututun da wani ruwan gishiri da ake kira bafa, mai ɗabi'ar kanwa, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami da kanwa, kusan 10. A irin wannan ruwa bangon bututun, wanda na silika ne, yakan ɗauki cajin nagatif, sai ya jawo ƙwayoyin gishiri masu cajin fozitif su yi layi a jikinsa. Da an kunna wuta, waɗannan ƙwayoyi su nufi ɓangaren nagatif, su ja ruwan duka tare da su. Ka ga an sami kogi mai gudu. Su kuma furotin ɗin jini, a wannan ruwa cajin nagatif gare su, don haka baya suke son komawa, wajen fozitif.

Idan ina koya wa ɗalibai masu zuwa koyon aiki, nakan ce su ɗauka masunta ne a Gongola lokacin cikowa, kowa yana tuƙa kwalekwalensa yana son haurawa sama, amma ruwan ya fi ƙarfin kowa. Duka za su gangaro. Mai raunin hannu shi zai fara wucewa ta gaban mai kallo a gaɓa, mai ƙarfin tuƙi shi zai zo ƙarshe. Mai kallon a nan fitila ce mai hasken ultrabayolet, tsawon zangonsa nanomita 200, wanda jikin kowane furotin ke tsotsewa. Rukunin gama, inda antibodi suke, su ne masu raunin caji, su ke fara wucewa. Sai beta biyu, beta ɗaya, alfa biyu, alfa ɗaya, albumin ya rufe baya. Kwamfuta ta zana wannan a matsayin tuddai shida.

Siffar tudun gama ita ce abin dubawa. Antibodi furotin ne na garkuwar jiki, wasu ƙwayoyi a cikin ɓargo ke ƙera su, kuma zuriyoyin waɗannan ƙwayoyi dubbai ne, kowace da irin nata. Saboda bambancinsu ba sa isowa lokaci ɗaya, sai tudun ya yi faɗi kamar tozon sa. Mai tibi, mai cutar ƙanjamau, mai tsohon ciwon hanta, wanda maleriya ta yi ta maimaita masa, duk tozon nasu yakan yi girma, amma yana nan da faɗinsa. Idan kuwa zuriya ɗaya ce ta fanɗare ta cika ɓargo, antibodi ɗaya tak za ta yi ta zubowa, iri ɗaya, caji ɗaya, su iso tare. Sai ka ga tsini siriri ya miƙe kamar hasumiyar masallaci.

Zagaye na farko

Na jira wuta ta daidaita a kan inbata, domin na'urar ba ta son a yanke mata aiki a tsakiya, na sa samfurin. Cikin 'yan mintoci zanen ya fito. Albumin ya yi ƙasa. A tsakiyar gama ga hasumiya nan, tsawonta ya kusa kamo na albumin, sauran tozon da ya kamata ya kewaye ta kuma ya kwanta ƙasa, alamar cewa zuriyar da ta fanɗare ta danne masu lafiya. Wannan kam ba ya buƙatar gardama.

Amma akwai na biyu. A kan iyakar beta da gama, wani ƙaramin tsini ya tsaya, siriri shi ma, mai kyan siffa.

Zuciyata ta tafi kan zuriya biyu. Hakan na faruwa, ko da yake ba kasafai ba. Na kuma tuna cewa antibodi nau'in IgA ya fi son zama a wannan wuri, haka ma gutsattsarin antibodi da ke yawo su kaɗai. Har na fara tsara jimlar a raina: an ga tsini biyu na zuriya ɗaya-ɗaya. Abin da ya hana ni rubutawa shi ne zanen farko tsawo da wuri kawai yake nunawa. Fitilar ba ta san sunan kowa ba. Duk abin da ya tsotsi haske a nanomita 200 za ta zana shi, ko da ba furotin ba ne. An san ruwan da ake ɗura wa mutum kafin hoton sikan, mai sinadarin ayodin, yana fitar da tsinin ƙarya. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ma haka, irin su seftirayazon da fiferasilin. Jinin da ya fashe a hanya yakan ɓata yankin alfa biyu da beta. Kama da wane ba wane ba ne.

Gwajin kamu

A nan ne kamu ke shigowa, kuma a ganina shi ne ainihin hikimar wannan na'ura. Saurin kowane abu a cikin bututun ya dogara ne a kan cajinsa da girmansa. In abu biyu suka kama juna, cajin ya sauya, girman ya sauya, dole saurin ya sauya. Saboda haka in kana da wani abu da ka tabbata furotin ɗaya kaɗai yake kamawa, sai ka zuba shi ka ga wane tsini ne zai bar wurinsa.

Kowane antibodi yana da sarƙoƙi huɗu, biyu manya biyu ƙanana. Manyan su ke ba shi nau'i: G, A, M, D ko E. Ƙananan kuwa ko kafa ne ko lamda. Zuriya ɗaya ba ta haɗa iri biyu, babbar sarƙa ɗaya gare ta da ƙarama ɗaya. Don haka ake raba samfurin gida shida. Gida na farko ba a sa masa komai, shi ne ma'auni. Sauran biyar kowanne a haɗa shi da makamin nau'i ɗaya: mai kama G, mai kama A, mai kama M, mai kama kafa, mai kama lamda. Su ma makaman antibodi ne, an samo su daga jinin dabbobi, an kuma ƙara musu cajin nagatif mai yawa. Duk wanda suka rungume sai ya zama gwanin tuƙi, ya ja baya, ya fito can kusa da albumin ko bayansa. Wurin da yake a da ya zama fili. Tsofaffin na'urori sukan maƙala makaman a jikin wasu 'yan ƙwallaye su nutse da abin da suka kama, amma karatun duk ɗaya ne: abin da ya ɓace kake nema.

Akwai wurin da sabon hannu ke faɗuwa. Makamin da ke cikin kowane gurbi ƙayyadadde ne. In furotin ya fi ƙarfinsa, zai kama iya abin da zai iya, sauran ya tsaya, sai ka ga tsini ya rage tsawo kawai bai tafi ba, ka shiga ruɗu. Shi ya sa ake duba zanen farko a zaɓi yawan sirki. Na dattijon nan, na zaɓi sirkin da ake yi wa mai gama da yawa. Na'urarmu ƙarama ce mai bututu biyu, sai ta yi zagaye uku kafin gida shidan su kammala, kimanin rabin awa. Na yi sallar magariba na dawo.

Kwamfuta takan ɗora kowane zane a kan na ma'auni don a ga bambanci. A gidan G, hasumiyar ta tafi gaba ɗaya. A gidan A tana nan, a gidan M tana nan. A gidan kafa ta tafi. A gidan lamda tana nan ko gezau. A jinin mai lafiya makamin kafa yakan kwashe kusan kashi biyu cikin uku na tozon, na lamda ya kwashe sauran, domin jiki yana ƙera duka biyun. Tafiya gaba ɗaya a kafa da tsayawa cak a lamda, shi ne shaidar zuriya ɗaya. Sunanta IgG kafa, kuma da aka auna ta ta kai gram 52 a lita.

Ƙaramin tsinin kuwa yana nan a duk gida shida. Ba wanda ya taɓa shi.

Na daɗe ina kallonsa. In da IgA ne, da gidan A ya ɗauke shi. In da gutsattsarin sarƙa ne, da kafa ko lamda ɗaya ya ɗauke shi. IgD da IgE ba su cikin jerin makamanmu, amma su ma suna da ƙaramar sarƙa, don haka galibi sukan motsa a ɗaya daga cikin gidaje biyun ƙarshe. Abin da makami biyar suka wuce ta gabansa ba su kula shi ba, mafi kusa shi ne ba antibodi ba ne sam. Kuma furotin ɗin da ke zama daidai wannan wuri, wanda bai kamata ya shigo samfurin ba, ɗaya ne: fibirinojin, mai sa jini ya daskare.

Na kira likitan.

"Likita, ranka ya daɗe, jinin dattijon nan a wace kwalba aka ɗiba?"

Ya ce bari ya tambayi mai ɗakin gwajinsu. Bayan minti biyar ya kira, ya ce a mai koren murfi ne, wadda aka ɗiba don gwajin ƙoda da hanta. Da aka gama sai aka juye ragowar ruwan aka aiko mana, don kada a sake soka wa tsoho allura.

Kwalba mai koren murfi tana da hefarin, mai hana jini daskarewa. Ruwan da aka tace daga cikinta filasma ne, fibirinojin ɗinsa yana nan. Wannan gwaji kuwa siram yake so, wato ruwan da ya rage bayan jini ya daskare ya cinye fibirinojin ɗinsa a cikin guda. A ido duka biyun rawaya ne, ba mai rarrabe su. Laifin farko nawa ne: na karɓi ruwan da aka juye a kwalbar da ba a rubuta asalinsa ba, ban tambaya ba, na sa a na'ura. Tun daga ranar, duk samfurin da ya zo a tace ba tare da an rubuta irin kwalbar ba, sai na ɗaga waya kafin na taɓa shi.

Na roƙi a sake ɗiba a kwalba mai jan murfi, a bar jinin ya daskare sosai, ko da zai kai awa guda, domin yawan irin wannan furotin yakan jinkirta daskarewa. Bayan kwana biyu sabon ya iso. Hasumiyar tana nan yadda take. Ƙaramin tsinin babu shi.

Wani zai ce ai ko da na rubuta tsini biyu, cutar dai ita ce, maganin kuma ba zai sauya ba. A ranar farko haka ne. Amma tsawon tsini shi ne ma'aunin da likita zai riƙa bi da shi ya ga ko magani yana ci. Da an rubuta na biyun a matsayin zuriya, da duk ranar da aka sake aiko da filasma za a ce ga cuta nan ta ƙi jin magani, ranar da aka aiko da siram a ce ta warke. A kan irin wannan ake sauya wa mutum magani mai tsada a banza. Ya fi muni ga wanda fibirinojin ne kaɗai tsininsa, a gaya masa yana da abin da ba shi da shi.

Tsini ba shi ne hukunci ba

Samun zuriya ɗaya a jini bai isa a ce mutum yana da sankarar ɓargo ba, wadda likitoci ke kira mayeloma. Tsofaffi da yawa suna da ƙaramin tsini, ƙasa da gram 30 a lita, ba tare da wata illa ba, kuma cikin ɗari kusan mutum ɗaya ne a shekara nasa ke rikiɗewa ya zama cuta. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan maza 917 a Ghana, 'yan shekara 50 zuwa 74, ya sami irin wannan tsini a kusan mutum 6 cikin 100, ninki biyu na abin da aka gani a fararen Amurka. Ita kanta mayeloma an san ta fi kama baƙar fata da kusan ninki biyu. Wannan ya sa nake ganin ƙarancin masu ita a takardunmu ƙarancin nema ne.

Ƙa'idar da masana cutar suka sabunta a 2014 tana neman ƙwayoyin zuriyar su kai kashi 10 cikin 100 na ɓargo, tare da shaidar ɓarna: kalsiyam sama da 2.75, kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, sama da 177, himogulobin ƙasa da 10, ko ramuka a ƙashi, ko wasu alamomi na musamman da aka ƙara. An dawo da dattijon wani babban asibiti a Gombe, wurin likitan jini. Ɓargon da aka zuƙo daga ƙashin ƙugunsa, kusan rabinsa ƙwayoyin zuriyar ne. Himogulobin 7.6, kalsiyam 2.9 bayan an daidaita shi da albumin, kiriyatinin 260. Hoton ƙoƙon kai ya nuna ramuka kamar an huda da ƙusa. Duka huɗun ya haɗa. Aka tsayar da maganin tibi, aka hana diklofenak har abada.

Ƙodar ce ta fi ba ni takaici. Ƙananan sarƙoƙin da zuriyar ke zubarwa sukan toshe magudanan ƙoda, yawan kalsiyam da ƙarancin ruwa su ƙara, magunguna irin su diklofenak da ibufurofen su rage jinin da ke shiga cikinta. Wata bakwai ya yi yana sha. An kuma gwada fitsarinsa da tsinken gwaji har sau biyu aka ce furotin kaɗan ne, alhali tsinken albumin ya fi gani, ƙananan sarƙoƙin sukan wuce shi. Tun 1847 Henry Bence Jones ya yi bayanin wannan furotin na fitsari a Landan, har yau da sunansa ake kiransa.

Inda hanyar ta kai, da inda ta tsaya

Abin da na yi a daren nan reshe ɗaya ne na gwajin kamu a cikin bututu. A 1992 ɗakin binciken George Whitesides a jami'ar Harvard ya nuna cewa in aka zuba magani a cikin ruwan bafa, aka riƙa ƙara yawansa ana lura da yadda lokacin isowar furotin ke gusawa, za a iya lissafa ƙarfin kamun da ke tsakaninsu. A 1993 Schultz da Kennedy suka auna insulin ta hanyar sa wanda aka yi wa alama mai ƙyalli ya yi takara da na cikin samfuri wajen kama antibodi, bututun ya raba kamamme da sakakke, hasken leza ya ƙirga. A Japan an ƙera na'urar da ke auna AFP-L3, alamar sankarar hanta, a kan ɗan faifai mai siraran hanyoyi, inda wani furotin da ake samu daga adas ke riƙe nau'in da ake nema ya jinkirta shi. Da yawan masu ciwon hanta nau'in B a yankinmu, wannan na cikin abin da nake fatan gani a Gombe. Amfanin duka ɗaya ne: kamun yana faruwa a cikin ruwa, babu wanke-wanke, samfurin ɗigo ne, amsa cikin mintoci.

Sai dai ba na son a ɗauka ta fi kowace hanya. Tsini babba irin na dattijon nan, ko ɗalibi zai karanta. Ƙarami da ya ɓuya a cikin tozo ko a ƙarƙashin furotin ɗin beta, gane ɓacewarsa yana da wuya, kuma a nan tsohuwar hanyar kafe antibodi a kan faranti mai jel ta fi ido. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida masu mayeloma ƙananan sarƙoƙi kaɗai suke zubarwa, jininsu ba ya nuna hasumiya, sai dai gama ya kwanta, dole a bi fitsari ko a auna sakakkun sarƙoƙin a jini. Maganin mayeloman nan daratumumab shi kansa IgG kafa ne, yakan fito a zane kamar ragowar cuta. Ga kuma namu na gida: makaman suna son sanyin firji, suna da ranar lalacewa, daga waje ake kawo su, kuma in masu nema ba su da yawa sai su lalace a hannunmu kafin a buɗe rabi.

Bayan wata huɗu

Ranar da ɗan ƙanen dattijon ya fara zuwa karɓar takarda, ya tsaya a taga ya ce, "Malam, don Allah me aka gani? Baffa ya ce kada a ɓoye masa komai."

Na ce masa bayanin cuta na likita ne, amma zan nuna masa abin da na'ura ta zana. Na ɗauko zanen mai lafiya na ajiye kusa da na baffansa. Ya sa yatsa a kan tsinin ya ce, "Wannan ne ciwon?" Na ce wannan sawunsa ne, kuma in magani ya karɓe shi zai riƙa gajarta.

Likitan jini ya sa shi a kan bortezomib da saikulofosfamaid da dekzametazon, da asaikulobir don tsare shi daga ƙurajen da bortezomib ke tayarwa, aka matsa masa da shan ruwa. An gaya musu gaskiya cewa cuta ce da ake dannewa, takan kuma dawo. Iyalin suka sayar da shanu biyu. A kowane zagayen magani jininsa yakan zo mana, a jan murfi, an rubuta "siram" da babban baƙi a jikin kwalbar. Daga 52 ya sauko 34, sai 19, a zagaye na huɗu 11. Tozon masu lafiya ya fara ɗagowa a gefensa. Himogulobin ya haura 10. Kiriyatinin ya sauko 170 ya tsaya a nan, likitan ya ce da wuya ya koma yadda yake.

Sau ɗaya na ga dattijon da idona, an turo shi a keken marasa lafiya zai wuce ɗibar jini. Na durƙusa na gaishe shi. "Baba, ya ƙarfin jiki?" Ya ce da sauƙi, yanzu yana sallah a tsaye, sujada ce dai sai a kan kujera. Sai ya ce, "Yaro, kai ne mai hasumiyar? An ce ta rage tsawo." Na ce ta rage, Baba, saura kaɗan.

Wannan kaɗan ɗin shi ne abin da na zauna na yi wa ɗan ƙanen bayani a kansa. In tsinin ya ci gaba da sauka, zai kai inda na'urarmu ba za ta iya cewa ya tafi ko yana nan ba. A ranar sai an aika jini da fitsari wani gari don a kafe a kan jel, a kuma auna sakakkun sarƙoƙi, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Ya tambaye ni kamar yaushe. Na ce in abin ya tafi yadda yake tafiya, bayan zagaye biyu ko uku. Ya yi lissafi da yatsu, ya ce lokacin waken bana ya shigo, zai ware buhu uku kada a taɓa.